Buhu Goma Sha Bakwai

Buhu goma sha bakwai na albasa,
kuɗin zangon karatuna ɗaya ke nan.
Baba bai taɓa faɗa mini ba.
Ni na ƙirga, ranar da ake loda su a Kara,
ina tsaye idona na ruwa,
na ce yajin albasar ne.

Ga ni yanzu a makarantar kuɗi, can bayan Arkilla,
maza zalla, katanga da fasassun kwalabe a ka,
mu ɗari uku, famfo huɗu.
Ana sallame Asuba Koci Bunu zai busa usur:
zagaye goma kafin koko.
Ni ne gola.
Ni ake bari a baya
in tsare ragar da rana ta riga ta cinye rabinta.

Ƙarfe ɗaya, zafi ya sauko ya zauna kan kwanon aji,
fanka na juyawa kamar an tilasta mata.
Malam Haliru na lissafi a allo,
wata lamba ta yi tsalle ta koma hagu,
na bi ta da ido kamar fanareti,
na faɗi dama.
Na farka da guntun alli a goshi,
aji duk ya ɗauki dariya.

"Sahabi," in ji shi, "ƙwallo ba ta zana wa kowa jarrabawa."
Da La'asar Koci ya ce,
"Sahabi, littafi bai taɓa tare ƙwallo ba."
Kowannensu ya faɗi gaskiya,
kowannensu ya hau babur ɗinsa ya tafi gida
ya bar ni da ita.

An ce taura biyu ba ta taunuwa.
To, ni dai biyu na tarar a bakina,
kuma ban ga wadda zan tofar ba.

Ƙarfe goma janareta ya yi tari ya mutu.
Mode ɗan Yabo, mai gadon sama,
wanda ko gudun tsira ba ya so,
ya sauko da tocila a haƙora
ya warware mini abin da allo ya ƙulle.
Ladansa ƙuli-ƙuli uku,
da alkawarin ba zan sake shanya safata kusa da hancinsa ba.

Laraba muka je Giginya.
Na tare biyu, ta ukun ta wuce ta ƙarƙashin hammata,
har yau ina jin iskarta.
A mota ba mai magana.
Na buɗe littafi a kan gwiwa,
haruffa na rawa, hanya na girgiza su.

Alhamis, gwaji.
Gwiwar hannuna ta bar jan tabo kan takarda,
daidai tambaya ta shida, wadda na sani.
Hamsin da ɗaya.
Malam Haliru ya daɗe yana kallon tabon,
bai ce komai ba,
ya dai miƙo mini takardar da hannu biyu.

Juma'a aka kira ni ofis: waya daga gida.
Ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa,
wani na ciniki, jaki na kuka.
Baba ya ce, "Ka ci?"

Na yi shiru.
Wasan? Jarrabawar?
Na shiga lissafa buhuna a zuci,
nawa suka tafi a banza, nawa suka tsira.

"Abinci ni ka nuhi, yaro.
An ce mani ka rame."

Daren nan safar hannuna na bushewa a taga,
yatsunta a buɗe kamar mai addu'a.
Littafin na ƙarƙashin matashi.
Mode ya fara minshari,
tocilar na hannuna,
batirin saura kaɗan.